An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kamen 'Yan Canji Ba Zai Ɗaga Naira Ba

 

Duk sanda dala ta yi tashin gwauron zabo a ƙasar nan, abu biyu ne ke biyo baya. Da farko a loda jami'an tsaro a mota a tura su Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja, a watsa 'yan canji, a kama na kamawa. Sannan a majalisun unguwa da shafukan sada zumunta a hau tafi ana cewa maganinsu ke nan, su ne suka kashe mana naira. Mu a wannan muƙala muna cewa an bar jaki ana dukan taiki. Kuma wannan dukan ba ƙaramar ɓarna yake yi ba, domin muddin hankalinmu na kan ɗan canjin da ke bakin titi, waɗanda ya kamata a titsiye suna can suna barcinsu.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Farashin canji farashi ne kamar na kowane kaya. Idan damina ta kankama, tumatir ya yi ƙaranci a 'Yankaba, kwando yakan ninka kuɗinsa, kuma ba mu taɓa jin an ce a kama mai tumatir don ya koma farashin rani ba. Haka dala take. Akwai hanyoyin da take shigowa: sayar da ɗanyen mai, wanda shi ne mafi rinjayen abin da Najeriya ke samu daga waje, kuɗin da 'yan ƙasa mazauna ƙetare ke aikowa gida, kusan dala biliyan 20 a shekara, ɗan abin da muke fitarwa na koko, riɗi, zoɓo, citta da fata, jarin baƙi, sai kuma bashi. Akwai kuma hanyoyin da take fita: alkama, magani, injina, kayan gyaran mota, atamfa da shadda, kuɗin makarantar yara a waje, jinya a Masar da Indiya, aikin Hajji, biyan bashin da aka ciwo, da kuma masu kuɗin da ke tsoron ajiye dukiyarsu da naira. Idan masu nema suka rinjayi abin da ke shigowa, farashi zai tashi. Idan kuma aka ƙara buga naira aka watsa alhali dalar ba ta ƙaru ba, zai ƙara tashi. A cikin wannan lissafi, ina gurbin ɗan canji? Dillali ne a tsakiya. Yana saya a kan kaza ya sayar a kan kaza da ɗoriya. Ba shi ke haƙo mai ba, ba shi ke buga naira ba.

Wani zai ce wannan zancen littafi ne. To mu duba abin da ya faru a gaban idonmu.

A watan Nuwamba na 2016 jami'an DSS suka bi 'yan canji da kame, aka ce dole su sayar da dala a kan farashin da aka yanka musu. Kafin ƙarshen Fabrairun 2017 dala ta kai wajen naira 520 a kasuwar bayan fage. Me ya sauko da ita zuwa 360 da 'yan kai? Babban Bankin Najeriya ya fara zuba dala a kasuwa, a watan Afrilu ya buɗe wata kafa da masu zuba jari da masu fitar da kaya za su yi ciniki a kan farashin da suka daidaita, farashin mai kuma ya farfaɗo a duniya. Dala ta samu, sai ta yi sauƙi.

A watan Yuli na 2021 gwamnan babban banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya dakatar da sayar wa 'yan canji dala. A Satumba ya juya kan shafin AbokiFX, wanda aikinsa wallafa farashin kasuwar bayan fage, ya zarge shi da karya naira. Shafin ya daina wallafawa. A lokacin dala na wajen naira 570. Bayan shekara guda ta haura 700. Zazzaɓi bai sauka ba don an fasa ma'aunin zafi.

A Fabrairun 2024, da dala ta doshi naira 1,900, aka sake kai samame kan 'yan canji, aka tsare jami'an kamfanin Binance biyu, a Maris kuma aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Naira ta ɗan farfaɗo a Afrilu har ta kusanci 1,100, masu tafi suka ce kun gani ko. Kafin watan Mayu ya ƙare ta koma wajen 1,500. Abin da ya tsayar da ita daga baya ba ankwa ba ce. Babban banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin ɗari har zuwa 27.5 kafin ƙarshen shekarar, ya ce ya biya bashin dalar da ake bin sa na kusan biliyan 7, aka taka wa bai wa gwamnati rancen da babu iyaka burki, matatar Dangote kuma ta fara fitar da fetur a Satumba. Wato an taɓa yawan naira, an taɓa yawan dala, an taɓa amana. Sau uku ke nan ana gwada bulala, kuma sau uku kasuwa na nuna cewa ba ta jin wannan yaren.

Wannan rancen da muka ambata ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Mayu na 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta ranta daga babban banki zuwa bashi na dogon zango. Rancen babban banki ga gwamnati, a taƙaice, ƙirƙirar sabuwar naira ne. Tiriliyan ashirin da biyu aka zuba a kasuwar da buhunan masara da dalolinta ba su ƙaru ba. Duk 'yan canjin Wapa da Zone 4 da Legas, a tara su a haɗa jarinsu, ba za su iya yi wa naira rabin wannan illa ba. Amma mutum nawa muka ga an loda a mota saboda wannan?

Akwai kuma masu kewar zamanin da, masu cewa ai a 1980 dala ɗaya kobo 55 ce, don haka gwamnati ta yi doka kawai ta mayar da ita mai araha. Gaskiya ne naira ta taɓa fin dala daraja. Amma a wancan lokaci mai na tsada a duniya, jama'ar ƙasar ba su kai rabin na yau ba, masaƙun Kaduna na aiki dare da rana, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa na hayaƙi. Da farashin mai ya faɗi, aka koma rabon lasisin shigo da kaya da dogon layin sayen madara da sabulu, har aka kai ga shirin SAP na Janar Babangida a 1986. Araha ta doka mun gwada ta, ba sau ɗaya ba. A zamanin Janar Abacha farashin gwamnati naira 22 ne, kasuwa kuma na sayarwa sama da 80. A farkon 2023 farashin gwamnati na wajen 460, kasuwa na wajen 750.

Wa ke cin wannan tazara? Ku yi lissafin da kanku. Wanda ke da hanya a sama ya samu dala miliyan ɗaya a kan 460, ya zagayo da ita ta bayan gida ya sayar a kan 750. Ya ci naira miliyan 290 ba tare da ya shigo da ko allura ba. Ɗan kasuwar Kwari da ba shi da kowa a banki kuwa, tun asali a kan 750 yake saya, kuma a kan wannan farashin yake sayar mana da kaya. Ke nan talaka bai taɓa ganin dalar 460 ba sai a labarai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk mai kiran a dawo da farashi biyu, ya sani ko bai sani ba, yana kiran a dawo wa gardi da kasuwarsa ne. Kuma ita kasuwar bayan fage da ake zagi, wa ya haife ta? A watan Yuni na 2015 babban banki ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala daga banki, har da shinkafa da tsinken sakace. Ba a hana shigo da yawancin kayan ba, dalar kawai aka hana. To ina ake so masu wannan sana'a su nufa in ba Wapa ba? Ka toshe ƙofa, ka kuma zargi mutane da bin taga.

Yanzu mu shiga kasuwa mu ga yadda canjin ke cin mutane, domin a nan ne ake yawan yi wa 'yan kasuwa mummunar fahimta. Mu ƙaddara wani ɗan Kantin Kwari ya yi odar kaya daga Guangzhou na dala dubu 50 lokacin da dala ke 750. Ya kashe naira miliyan 37.5. Kaya suka iso, ya rarraba wa yaransa da abokan ciniki, wasu bashi, ya ɗora ribar kashi 10 cikin ɗari. Bayan watanni kuɗi suka dawo, naira miliyan 41.25. A littafinsa ya ci riba. Ya tashi sake oda, dala ta koma 1,500. Kuɗin nan gaba ɗaya dala 27,500 za su saya. Da uwa da riba, ya rasa kusan rabin jarinsa, kuma babu ɓarawon da ya shiga shagonsa. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke ƙara wa tsohon kaya kuɗi ranar da dala ta tashi. Ba farashin da ya sayo yake dubawa ba, farashin da zai sake sayowa yake dubawa. Shi ne kuma dalilin da ya sa idan dala ta sauka na sati biyu ba ya gaggawar ragewa: an taɓa ƙona shi, yana jiran ya ga ko saukar ta gaske ce. Ba mu ce babu masu haɗama a kasuwa ba, akwai su. Amma wanda bai fahimci wannan lissafi ba, duk ɗan kasuwa azzalumi zai ɗauke shi.

Kuma ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba. Bayan da aka sakar wa naira mara a ranar 14 ga Yuni, 2023, kamfanonin da ke da bashi ko haya da dala suka wayi gari bashin ya ninka a naira. MTN Najeriya, duk da miliyoyin masu saya masa kati, ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, bayan canji kaɗai ya cinye masa wajen biliyan 740. Nestlé Najeriya ma da asara ya rufe shekarar. GSK ya sanar da tattara komatsansa a watan Agusta, P&G kuma a Disamba ya ce zai daina sarrafa kaya a nan ya koma shigo da su. Mu da ke hulɗa da maɗaba'a ba sai an ba mu labari ba: masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, kusan duk takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa, don haka farashin bandir na bin dala sawu da ƙafa. Maniyyata ma sun ɗanɗana: kujerar Hajji da ke kusan naira miliyan 3 a 2023, a 2024 an fara da kusan miliyan 5, sannan hukumar alhazai ta nemi cikon miliyan 1.9.

Sai dai faɗuwar wani tashin wani. Mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau da dala ake biyansa, ya biya manomi da lebura da naira. Faɗuwar naira ƙarin riba ce a wajensa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke riƙe da sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, sun ga sefa dubu da ke kawo naira dubu da 'yan kai ta koma kawo sama da dubu biyu. Nan take hatsin Najeriya ya zame musu mai araha, buhuna suka kama hanyar Jibiya da Illela da Maigatari, mu kuma a nan farashin gero da masara ya ƙara hawa. Kada kuma wani ya ɗauka ɗaure kuɗi da na Turai tsira ce. Mutanen Nijar ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya. Darasin da ke nan shi ne, karyewar kuɗi na amfanar ƙasar da ke da abin sayarwa, tana kuma gasa ƙasar da saye kawai ta iya. China ta shafe shekaru Amurka na zarginta da danne darajar kuɗinta da gangan don kayanta su yi araha a duniya. Ita rauni take nema wa kuɗinta saboda tana da masana'antu. Mu muna kukan rauni saboda ba mu da su.

Batun masu zuba jari ma haka yake. Shugabanninmu na yawon duniya suna kiran a zo a zuba jari, kamar roƙo ne ke kawo kuɗi. Mai jari tambaya biyu yake yi: idan na ci riba, nawa za ta zama in na mayar da ita kuɗin ƙasarmu, kuma za a bar ni in fitar da ita? Mu ƙaddara wani ya kawo dala miliyan ɗaya a kan 460, ta zama naira miliyan 460. Ya yi sa'a ya ci kashi 20 cikin ɗari, kuɗinsa suka zama miliyan 552. Ya zo tafiya dala na 1,500. Abin da zai koma da shi gida dala dubu 368 ne. Wane irin jawabi za a yi wa wannan mutum ya dawo? Tambaya ta biyu kuma kamfanonin jiragen sama sun amsa ta: a 2023 kuɗinsu da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, kuma saboda wannan Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar nan a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Babu wanda zai shiga ɗakin da ya ga an kulle na gabansa a ciki. Har ila yau a lura, yawancin kuɗin da ke rugowa idan an ɗaga kuɗin ruwa ba masu gina masana'anta ba ne. Masu sayen takardun bashin gwamnati ne na 'yan watanni, kuma yadda suka shigo da gudu haka suke fita ranar da suka ji ƙishin-ƙishin. Naira da ta dogara da irin wannan kuɗi tana tsaye ne da sandar aro.

Daga nan sai mu zo kan ɗaya ruɗin, wanda ya fi kama matasanmu. Da suka ga dala na hawa, sai aka samu masu ce musu ai daga wayarka za ka iya cin ribar wannan hawa da sauka. Su ne malaman foreks, masu hoto a jikin mota da hoton allon riba, masu sayar da darasi da rukunin sirri a Telegram. Kasuwar canjin kuɗi ta duniya gaskiya ce, kuma babu kasuwar da ta kai ta girma: ƙididdigar bankin BIS ta 2022 ta nuna ana juya dala tiriliyan 7.5 a kowace rana. Amma su wa ke ciki? Manyan bankuna, asusun jari masu biliyoyi, kamfanonin da ke kare kansu daga irin asarar ɗan Kwarin da muka ambata, da kwamfutocin da ke saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido. Cikin waɗannan ne ake tura yaro da dala ɗari da ya ranto.

Tarkon kuma a fili yake. Dillalin zai ba ka damar juya ninki 500 na kuɗinka, wato da dala 100 ka riƙe cinikin dala dubu 50. Idan farashi ya motsa da kashi 0.2 cikin ɗari kacal ta ɓangaren da ba ka so, dala ɗarin nan ta ƙone, kuma irin wannan motsi a cikin mintoci yake faruwa. Hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, shi ya sa ta taƙaita ninkin zuwa 30 a kan manyan kuɗaɗe, ta kuma tilasta wa dillalai rubuta gargaɗi a tallansu. A can ke nan, inda akwai doka da wutar lantarki da intanet mai ƙarfi. Ku tambayi kanku: wanda ya san sirrin ninka kuɗi kullum, me zai yi da naira dubu ashirin ɗin darasinku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawancinsu da kuɗin rajistarku suke rayuwa, da kuma ladan da dillali ke ba su a kan duk wanda suka kawo. Ga kuma 'yan damfara tsantsa da ke fakewa da sunan ciniki, irin CBEX da ta rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025. Ta fuskar addini ma, malaman fiƙihu sun shar'anta cewa canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yinsa. Wanda ke cinikin dalar da bai mallaka ba, da rancen da ake caje shi idan ya kwana, ya kamata ya zauna da malami kafin ya zauna da waya.

Labari guda ya isa ya amsa wa ɓangarorin biyu, masu son a tsare farashi da doka da masu son cin kasuwa da waya. A ranar 16 ga Satumba, 1992, gwamnatin Birtaniya ta yi rantsuwar kare darajar fam. Bankin Ingila ya zubar da biliyoyi yana sayen fam, aka ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, aka kuma yi shelar kai shi 15, duk a yini ɗaya. Kafin dare suka sallama. George Soros, wanda ya yi cacar cewa fam zai faɗi, ya ci wajen dala biliyan ɗaya. Idan Bankin Ingila bai iya tilasta wa kasuwa farashin ƙarya ba, motar 'yan sanda a Fagge ce za ta iya? Kuma wanda ya ci a ranar da jarin biliyoyi ya shiga, ba da dala ɗari ba. Ko ƙwararrun ma ba su tsira ba: a ranar 15 ga Janairu, 2015, babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba zato ba tsammani, kuma dillalin Alpari na Birtaniya ya karye washegari.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu kauce masa ba. Za a ce to ai an saki nairar kamar yadda kuke so, ga shi talaka ya shiga uku. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai musunta shi ba ya zuwa cefane. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 30 a 2019 ya haura dala 80. Na dubu 70 da aka amince da shi a 2024 bai kai dala 50 ba. An ƙara wa ma'aikaci albashi, ya kuma ƙara talaucewa. Ba mu zo wanke gwamnati ba. An cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira bayan sati biyu, ba tare da an tanadi abin da zai tare wa talaka faɗuwa ba, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A farkon 2024 an yi ta sauya farashin dalar da kwastan ke lissafin haraji da shi, har ɗan kasuwa bai san nawa zai biya ba sai kwantenarsa ta iso. Faɗin gaskiyar farashi mataki ne na farko kawai. Wanda ya gaya wa maras lafiya ainihin ciwonsa bai gama aiki ba sai ya ba shi magani.

Za a kuma ce ai akwai masu ɓoye dala da masu wanke kuɗin sata ta hannun 'yan canji. Akwai, kuma a hukunta duk wanda aka kama da hujja, ɗan canji ne ko manajan banki ko ɗan siyasar da ke rabon dala ranar zaɓen fidda gwani. Amma a tambaya: me ya sa mai kuɗi ke gudun naira? Saboda ya ga abin da ya ajiye bara ya zama rabi bana. Ɓoye dala alamar rashin amana ce, ba a kuma dawo da amana da kulki. Ranar da mutum ya tabbata nairarsa za ta kwana ta tashi da darajarta, da ƙafarsa zai kai dalar kasuwa.

Saboda haka mu sauya tambayoyin da muke yi wa masu mulki. Maimakon wa aka kama, mu tambaya: nawa gwamnati ta ranta daga babban banki a bana? Ganga nawa ta mai ake haƙowa, nawa ake sacewa, kuma dalar da aka sayar ta shiga asusu? Me ya sa fatar Kano ke tafiya Italiya ta dawo mana a takalmi? Me ya sa riɗinmu ke fita ɗanye ba mai ba? Yaushe manomin Zamfara da Katsina zai shiga gonarsa ba tare da biyan 'yan bindiga ba? Yaushe Sharada za ta samu wutar da za ta juya inji yini guda cur? Amsoshin waɗannan ne ke yanka farashin dala, ba wani bawan Allah da ke tsaye a rana yana kaɗa hannu ga motoci ba.

Ga ɗan kasuwa kuma, ya riƙa lissafin jarinsa da kuɗin da yake sayo kaya da shi, ya rage bayar da dogon bashi lokacin da canji ke rawa, kada kuma ya ci bashin dala alhali naira yake samu. Ga matashi, hanyar cin moriyar dala mai tsada ita ce ka mallaki abin da mai dala zai saya, kaya ne ko sana'a ko ilimi. Mai ɗinkin hular da ake aika wa Kamaru da Chadi ya fi kusa da kasuwar duniya a kan wanda ya kwana yana kallon jan layi da koren layi.

Wanda ke ganin kamen 'yan canji ya taɓa ɗaga naira, fili a buɗe yake: ya kawo mana shekarar da farashin, mu duba tare. Allah ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya, mu kuma ya ba mu ikon gane jaki daga taiki.